Babi Na Huɗu: Don Me Ake Ɓata Tanka Bayan An Ƙawata Ta?

Duk wanda ya fara ganin ƙananan tankokin yaƙi na roba, irin waɗanda ake baje kolinsu kowane Nuwamba a Telford ta Ingila ko kowane Mayu a Shizuoka ta Japan, tambaya ɗaya ce ke riga kowace zuwa bakinsa. Mutum ya sayi kwali da kuɗinsa, ya yi makonni a sunkuye yana liƙa ɗaruruwan gutsattsarin roba, ya fesa fenti ya fito sumul, sannan da hannunsa ya ɗauko laka da tsatsa ya yaɓa wa abin. Wannan ba aikin baban giwa ba ne?

Masu abin za su ce maka a'a, a nan ma aikin ya fara. Fenti yana gaya maka wace tanka ce, ta wace ƙasa. Datti kuwa shi ke faɗin inda ta je, a wane wata, da irin mutanen da suka hau ta suka sauka. Amma kafin a kai ga datti, sai an san girman abin da ke kan tebur, domin daga girman nan duk sauran hukunci ke fitowa.

Ɗaya bisa talatin da biyar

Mafi yawan tankokin da ake haɗawa a yau ma'auninsu 1/35 ne, wato kowace santimita ɗaya a kan tebur tana wakiltar santimita 35 a jikin tankar gaske. Ba wani taron masana ne ya zauna ya yanke wannan lamba ba. Kamfanin Tamiya na Shizuoka, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946, ya fitar da tankar Jamus mai suna Panther a 1961, mai tafiya da batir. An yi mata girman da zai ɗauki batura da ɗan injinta ne kawai. Da aka auna daga baya, sai aka ga ta faɗa kan 1/35. Ta samu kasuwa, kamfanin ya ci gaba da wannan awo, sauran kamfanoni irin su Italeri na Italiya da Dragon na Hong Kong da Zvezda na Rasha suka bi sahu. Akwai masu son 1/72 saboda ƙarancin wuri, akwai kuma masu 1/16 da ke cin rabin tebur, amma kasuwar tankoki ta 1/35 ce.

A wannan awo, Sherman ta Amurka kusan santimita 17 ce. Tiger I ta Jamus, har da dogon bututun igwarta, kusan santimita 24 ce. Sojan da zai tsaya kusa da ita santimita biyar ne. Ka riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi: ɗigon fenti mai faɗin milimita ɗaya a kan tebur, a tankar gaske tabo ne mai santimita uku da rabi.

Haɗawar kanta mun yi maganarta a babin baya, ba sai mun maimaita ba. Abu ɗaya kawai ya kamata a tuna. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, saboda haka duk inda ya zuba sai ya bar shaida. Layin da injin zuba roba ya bari a jikin bututun igwa, da giɓin da bai haɗe ba, da sarƙar da ta karkace, babu lakar da za ta rufa musu asiri. Alƙalan gasa su suke fara dubawa kafin su kalli kwalliya. Reza da samfefa su gama aikinsu tukuna.

Launi yana da shekara

Sabon shiga yakan ɗauka launin tanka zaɓin rai ne: kore ko ruwan ƙasa, wanda ya fi burge shi. Ba haka ba ne, musamman ga tankokin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda su aka fi haɗawa.

Ɗauki Jamus. A farkon yaƙin tankokinta ruwan toka ne mai duhu, kusan baƙi. A watan Fabrairu 1943 aka ba da umarnin komawa rawaya mai duhu, ana kuma ba rundunoni kore da ja-ja-ƙasa su yi wa tankokinsu zanen ɓad-da-kama a fagen daga. Wani ya samu bindigar feshi, wani burushi, wani tsumma. Wani ya tsinka fentin da fetur, wani da ruwa. Shi ya sa da wuya ka ga biyu da suka yi kama, kuma shi ya sa masu haɗawa ke son tankokin Jamus na 1943 da 1944: akwai filin wasa. Ƙarƙashin duk waɗannan launuka kuma akwai jan fenti na share fage da masana'anta ke fara shafawa don hana tsatsa.

Akwai ma wani kwaɓi mai suna Zimmerit da Jamusawa suka riƙa shafa wa jikin tankoki daga 1943, ana yi masa tsaga-tsaga, don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. A Satumba 1944 aka daina, bisa jita-jitar cewa yana kama wuta. To ka ga idan mutum ya ce tankarsa Tiger 131 ce, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a Afrilu 1943, wadda har yau take tafiya da ƙafarta a gidan tarihin tankoki na Bovington, sannan ya yi mata wannan kwaɓi, ya yi kuskuren tarihi komai kyan hannunsa.

Amurkawa da Rashawa ba su wahalar da kowa ba. Galibi Sherman kore ce mai ruwan zaitun, T-34 kore ce irin tata, daga masana'anta har fagen fama. Da hunturu ne kawai ɓangarorin da ke yaƙi cikin ƙanƙara ke shafa farin ruwa irin na farar ƙasa, wanda ke wankewa da kansa kafin bazara.

Abin da nisa ke yi wa ido

Yanzu an fesa launin da ya dace, an manna lambobi da tambarin runduna, an tsaya an duba. Me aka gani? Abin wasan yara. Komai daidai ne, amma ido ya ƙi yarda cewa wannan ƙarfe ne mai nauyin tan talatin ko hamsin.

Dalilin yana cikin lissafin nan na ɗazu. Idan ka kalli ƙaramar tanka daga nisan mita ɗaya, daidai yake da kallon ta gaske daga mita 35. Daga irin wannan nisa launi yakan dusashe, shi ya sa gwanaye ke ɗan sirka fentinsu ya fi na ainihi haske. Sannan ga maganar inuwa. Kan noti a tankar gaske yana da kaurin da zai yi inuwa ta kansa. A kan tebur bai kai rabin milimita ba, inuwarsa ba ta ganuwa. Dole mai haɗawa ya zana inuwar da hasken da hannunsa.

Dabaru biyu ne tushen wannan. Ta farko, tsinkakken fenti: a ɗauki fentin mai, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, a tsinka shi da tina har ya zama kamar ruwa, a taɓa bakin siririn burushi a gefen noti ko layin walda. Da kansa zai bi lungu ya kwanta. Bayan 'yan mintoci a goge abin da ya yi yawa. Ta biyu kishiyarta ce, busasshen burushi: a tsoma burushi a launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai a jikinsa, sannan a riƙa shafa shi sama-sama, sai ya bar haske a kan gefuna da duk abin da ya taso.

Mutum biyu ne suka yaɗa waɗannan dabaru a shekarun 1970 da 1980. François Verlinden, ɗan garin Lier a Beljiyam, wanda hotunan ayyukansa suka cika kundin tallan Tamiya, da Sheperd Paine na Amurka, wanda kamfanin Monogram ke saka 'yan takardun koyarwarsa a cikin kwalayen da yake sayarwa. Yara da yawa a Turai da Amurka daga waɗannan takardu suka fara gane cewa ana iya sa roba ta yi kama da ƙarfe.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce, domin nan ne sababbi ke kuka. Tinar da ke tsinka fentin mai tana iya narkar da fentin mai da ke ƙarƙashinta. Saboda haka ake yin launin tushe da fentin ruwa, wato akirilik, a bar shi ya bushe sosai, a rufe da banish, sannan a hau kansa da na mai. Kowane hawa ya zama wanda tinarsa ba ta cin na ƙasa. A kuma buɗe taga, warin tina ba abokin huhu ba ne.

Kowane tabo da dalilinsa

Wanda ke son ya iya tsufar da tanka, ba sai ya taɓa ganin tanka ba. Ya je inda tifofi ke lodin yashi ya tsaya ya ƙare wa ɗaya kallo. Fentin bai ɓamɓare ko'ina da ko'ina ba. Ya ci ne a matakalar da direba ke takawa, da hannun ƙofa, da bakin bodi inda shebur ke duka. Inda ake gogawa kullum ƙarfen fari ne yana ƙyalli. Inda aka ƙwarzane aka manta, nan ne tsatsa ta kama. Baƙin mai yana kusa da murfin tanki, hayaƙi yana bakin salansa, ƙura ta taru inda iska ba ta kaiwa. Tanka ma haka take, ba ragi ba ƙari. Kafin burushi ya taɓa wuri, mai haɗawa ya tambayi kansa: mene ne ya taɓa nan, takalmi ne, ko reshen itace, ko jarkar mai?

Mutum huɗu ko biyar ne ke rayuwa a cikin tankar wancan zamani. Ta gaba ko ta gefe suke hawa, su taka murfin sarƙa, su dafa bututun igwa, su shige ta ƙofofin sama. Makanikai na buɗe murafun inji a baya, suna ajiye sifana a kai. Idan ka bi wannan hanya da ido, ka san inda ƙwarzane zai kasance. Tsakiyar faffaɗan sulken gaba, inda ba mai takawa, ba shi da dalilin ɓamɓarewa.

Hanya mafi sauƙi ta yin ƙwarzane ita ce ɗan yankin soso, irin wanda ake samu a kwalin kayan lantarki. A riƙe shi da hantsaki, a tsoma a fenti, a dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan a dangwala a gefunan tanka. Gwanaye na yin sa hawa biyu: su fara da launin tankar amma mai haske, alamar ƙarcen da bai huda fenti ba, sannan a tsakiyar wasu tabban su ɗiga ruwan ƙasa mai duhu da siririn burushi, alamar an kai ga ƙarfe. Ga tankar Jamus, jan share fagen nan yakan leƙo tsakanin biyun.

Akwai wata dabara da ta zo daga inda ba a zata ba, wato man feshin gashi na mata. A fesa launin ƙasa, a fesa man gashi a kai, sannan a fesa launin sama da fentin ruwa. Bayan ya sha iska kaɗan, a jiƙa burushi da ruwa a riƙa gogawa. Ruwan zai ratsa ya narkar da man gashin, fentin sama ya riƙa tashi gutsi-gutsi kamar yadda na gaske ke yi. Babu abin da ya kai ta fitar da farin hunturun T-34 da ya fara wankewa. Haka nan ga tankokin Jamus da aka sauke a Tarabulus ta Libiya a farkon 1941: da tokarsu suka iso, daga baya aka bi su da launin yashi, wasu ma laka kawai aka shafa musu, sai rairayi da rana suka riƙa cinye na sama, tokar na fitowa. A irin wannan tanka, ɓamɓarewa mai yawa gaskiya ce.

A Sherman kuwa ƙarya ce. Fentin Amurkawa yana da ƙarko, hotunan lokacin suna nuna ƙura da laka da zubar mai, amma ba kasafai ake ganin fenti ya tashi ba. Abin da ya dace da ita shi ne gefunan da suka yi duhu suka yi santsi saboda guga, kuma fensir na makaranta ya isa wannan aiki: a goga bakinsa a gefen ƙofa da haƙoran tayar da ke jan sarƙa, a murza da yatsa, sai ƙyallin ƙarfe ya fito.

Rigimar tsatsa

Daga ƙarshen shekarun 1990 wani salo ya taso daga Sifaniya, wanda aka fi danganta shi da Miguel Jiménez, da aka fi sani da Mig. Littafinsa na 2005 ya zagaya duniya, kamfanonin Sifaniya kuma suka fara sayar da komai a kwalba: ruwan tsatsa, ruwan ƙura, garin launi, laka kwaɓaɓɓiya. Salon ya kawo abubuwa masu kyau. Shi ya koya wa mutane ɗiga 'yan ɗigo-ɗigon fentin mai kala-kala a jikin sulke, a ja su ƙasa da burushi mai ɗanshin tina, su bar zirin da ruwan sama ke bari. Tankoki suka daina zama launi ɗaya shafe.

Amma da kwalba ta zo hannun kowa, sai aka wuce gona da iri. Teburan gasa suka cika da tankokin da aka ce suna tsakiyar yaƙi, alhali sun yi tsatsar da sai abin da ya shekara ashirin a bola. Masu bin tarihi suka ce ba su yarda ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Tankar Yaƙin Duniya na Biyu ba ta daɗewa. An ƙera Tiger I kimanin 1,350 ne kacal tsakanin 1942 da 1944, an ƙera Sherman sama da 49,000, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga daga ba su yi shekara suna aiki ba kafin a harbe su ko a mayar da su gyara. Yaushe sulke mai kauri, mai fenti hawa biyu, zai ruɓe cikin wata shida? Kuma soja ba ya barin abin da ransa ya dogara a kai ya lalace yana kallo.

Masu salon Sifaniya su kuma suka ce su ba hoto suke ɗauka ba, zane suke yi, kuma abu mai santimita 17 in ba a ƙara masa gishiri ba ido ba zai ga komai ba. Wannan ma gaskiya ne, mun ga dalilinsa a sama.

A ganina kowa ya yi abin da ransa ke so da tankarsa, kuɗinsa ne da lokacinsa. Sai dai ƙarin gishiri daban, ƙarya daban. A ƙara wa tsatsar salansa ƙarfi, babu laifi, domin zafi na ƙone fentin wurin kuma da gaske yana tsatsa. A sa ta a sarƙar ƙarfe ta T-34 ko Tiger, wadda kan yi ja-ja in ta kwana cikin raɓa, ta kuma goge da zarar an yi tafiya. Amma wanda ya zuba tsatsa a jikin M113 ta Amurka, ko Scorpion ta Birtaniya irin wadda sojojin Najeriya suka saya, ya nuna bai san abin da yake haɗawa ba, domin jikinsu alminiyam ne, ba ya jan tsatsa. Haka wanda ya sa ta a kan robar da ke jikin sarƙar Sherman da yawa.

Mai ƙishin tsatsa yana da mafita ta halal: ya haɗa gawar tanka. A 1987, a yaƙin da aka yi wa laƙabi da yaƙin Toyota, sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a Fada da Wadi Dum, aka bar tankokin T-55 birjik cikin hamada. Tankar da ta ƙone fentinta ya tafi, ƙarfen ya koma ja da ruwan lemo da baƙi, robar tayoyinta ta zama farar toka a ƙasa. A nan duk kwalaben da ka saya za su yi amfani, ba mai ce maka don me.

Ƙasar da ta taka

Ƙura da laka su ne hawa na ƙarshe, su ne kuma ke faɗin wuri. Ƙurar Libiya fara-fara ce mai laushi, tana shiga kowane lungu. Lakar Yukiren ta kaka da bazara baƙa ce mai danƙo, irin wadda ta riƙa tsayar da rundunonin Jamus cak. Tankar da ta yi aiki a kan jar ƙasa irin tamu, ja za ta yi har saman kanta. Idan tambarin da ke jikin tanka na cewa Normandi a watan Yuli, lakar da ke ƙafarta kuma na cewa Rasha a watan Maris, ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya.

Ƙura da garin launi ake yin ta, a barbaɗa da burushi mai laushi, a ɗiga tina kaɗan ta kama. Wanda bai samu na kwalba ba, ya kankare allin zane mai launi da reza, aikin ɗaya ne. Laka kuwa kwaɓa ta ake yi: garin launi, ɗan garin filasta, gam ɗin katako da ruwa, wani lokaci da ƙasar gaske da aka tankaɗe da rariya mai laushi. Kada a manta da lissafi, ƙwayar yashi mai milimita ɗaya dutse ce a 1/35. A fara da busasshiyar laka mai haske, a kai ta sama kaɗan. Sannan ɗanya mai duhu a ƙasa, kusa da tayoyi da bayan tanka inda sarƙa ke watso ta. Don fantsama, a tsoma burushi mai tauri a kwaɓin, a karta shi da tsinken sakace yana fuskantar tankar. A gwada a takarda tukuna.

Mai yin wannan aiki a ƙasashenmu ya kula da abu biyu. Lokacin hunturu iska a bushe take, fentin ruwa na bushewa a bakin abin feshi tun bai isa jikin roba ba, sai ya fito da gari-gari. A ƙara tsinka shi, a matso kusa. Sannan ƙurar gaske ba ta san awo ba, in ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan, don haka a kife kwali a kan tankar duk lokacin da aka tashi.

Sanin lokacin ajiye burushi shi ne mafi wuya. Dabarar da ta fi taimako ita ce a ɗauki hoton tankar da waya, a ajiye shi gefen hoton ta gaske, a bar ta ta kwana. Abin da ya yi yawa da safe zai nuna kansa, kuma fentin mai na ba da damar gogewa da tina muddin bai gama bushewa ba.

Tankar ta gama tsufa, amma har yanzu a kan farin tebur take, laka a ƙafarta ba tare da ƙasar da ta fito ba, ƙofofinta a buɗe ba kowa a ciki. A babi na gaba za mu gina mata fage: ƙasa, ciyawa, rusasshen bango, da sojojin nan masu santimita biyar, waɗanda fentin fuskarsu kaɗai ya kori mutane da yawa daga wannan sha'awa. Ka tanadi burushi mafi siriri da kake da shi.